Sakan Hamsin na Gurmin Baba Arzika

Akwai wata Lahadi da har yau in na tuna ta sai zama ya gagare ni. Ranar ce Ramatu ta shigo situdiyona a Tawa ta ce in ba ta kiɗan gurmin babanta, na buɗe kwamfuta na tarar babu shi. Ku da kuke koyon wannan aiki a hannuna, bari in faro muku daga tushe, don ku san yadda na kai kaina can.

Sunana Lawali, aikina ɗaukar sauti da haɗa waƙa. Situdiyon ɗaki ɗaya ne da na raba biyu da gilashi, na manna katifu a bango don ƙarar kabu-kabu ta rage shigowa. Ga wanda bai san aikin ba, kowace murya da kowane abin kiɗa yana da makirufonsa, kuma kwamfuta tana ajiye abin da kowane makirufo ya ji a fayil ɗinsa daban. Bayan mutane sun tafi ni nake zama in jera su, in ɗaga wannan, in sauke wancan, in yanke abin da bai dace ba.

Lokacin da na fara, waƙa tana da share fage. Kiɗa zalla zai yi ta tafiya, mawaƙi ya yi bismilla, ya gaida wanda ya koya masa, sannan a kama amshi. Ba wanda yake sauri, don mai rediyo ko kaset ba inda za shi. Da waƙa ta koma cikin waya sai lamarin ya juye. Akwai wani mutum a Yamai da yake ɗora mana waƙoƙi a manhajojin saurare, shi ya fara turo mini wani zane mai nuna inda masu saurare suke guduwa. Layin yana farawa can sama, kafin mawaƙi ya buɗe baki ya riga ya gangaro. Ga kuma masu gajerun bidiyo, su guntu kawai suke ɗauka su yi rawa a kai, in guntun ba ya bakin ƙofa ba mai shiga ciki nemansa. Ni da ma mutum ne mai gajen haƙuri, shayi ma a tsaye nake shan shi, sai abin ya zo daidai da halina. Na zama mai wa'azi. Duk wanda ya shigo sai na ce masa amshi a gaba, sauran surutu a baya.

Ramatu 'yar Bambeye ce, tana zaune a Tawa. Ta yi waƙa uku a wurina, babu wadda ta wuce unguwarsu. A ta huɗu ta zo da sharaɗi: wan mahaifinta, Baba Arzika, wanda ya rene ta ya kuma koya mata waƙa, shi zai buɗe da gurmi.

Na ce, "Ramatu, gurmi a farko? Wa ka tsayawa?"

Ta ce, "Yaya Lawali, in ba shi ciki, ni ma ba ni ciki."

Na ce to, amma a raina na ce za mu gani.

Ya zo a motar kasuwa da hantsi, gurmin naɗe cikin tsohon zane. Tsoho ne dogo, marar yawan magana. Na miƙa masa abin sawa a kunne ya ture, ya ce shi ba matuƙin jirgi ba ne. Hannunsa yana rawa, ya kama kiɗa ya kuskure, ya sake, tsirkiya ta saki, ya zauna ɗaure ta kamar ba gobe. Aka ɗauke wuta, aka dawo da ita. Ni ina bayan gilashi ina kaɗa ƙafa, ina duban agogo, ina cizon leɓe. Ramatu tana tsaye a kusurwarta tana jiran inda za ta shiga, don tare muke ɗaukarsu. Dab da azahar hannun ya zauna. Ya kaɗa sakan hamsin ba tangarɗa, a hankali, kowace tsirkiya tana faɗin nata. Wallahi ni kaina sai da ƙafata ta tsaya. Daga nan Ramatu ta shiga, kiɗan kwamfuta ya karɓa, aikin gurmi ya ƙare. Tsoho ya naɗe kayansa ya ce zai bi motar la'asar.

Na haɗa waƙar yadda take na tura Yamai. Amsa ta dawo a saƙon murya, mutumin yana dariya: "Lawali, kai da kanka? Kusan minti guda ba a ce komai ba? To, in kuna so ku binne ta, ku binne." Abin ya sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na ɗauke gurmin gaba ɗaya, na jawo amshi na dasa shi a sakan na farko, na tura. Sai da ta hau manhajojin saurare sannan na kira Ramatu na ce mun ɗan gyara farkon. Ta saurara, ta ce, "Baba hwa?" Na ce za mu fitar da doguwar daga baya, ta bari wannan ta buɗe hanya. Ba ƙarya na yi niyya ba, amma ban sa rana ba.

Waƙar kuwa ta kama. 'Yan mata suna rawa da amshin a bidiyo, 'yan ci-rani suna turo nasu daga Abijan, masu shago suna sa ta tun safe. Ramatu ta fara zuwa bukukuwa, ni kuma mawaƙa suka yi mini layi, kowa yana so a yi masa irin farkon waƙar Ramatu. Kaina ya kumbura, ba na ɓoyewa. Cikin wannan hada-hadar kwamfuta ta cika. Manhajar da muke aiki da ita tana da wani maɓalli da yake share duk fayil ɗin da ba a yi amfani da shi a waƙa ba. Wata rana mutum uku suna jirana, na danna shi a kan tsofaffin ayyuka duka. Sau biyu ta tambaye ni ko na tabbata. Ban karanta ba.

Bayan girbi ne Ramatu ta zo, ranar kasuwa, gari cike da hayaniyar dabbobi da motoci. Ba ta zo da faɗa ba. Ta zauna ta ce ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, hannun ba ya ko riƙe cokali. Ta ce, "Ba shi roƙon komi, Yaya. Cewa yay yi in kawo mai kiɗan da yay yi wurinka shi ji. Shi kaɗai na aka taɓa ɗauka tai."

Na ce minti biyu. Na buɗe aikin, layin gurmi ya fito fayau, da ɗan rubutu cewa ba a sami fayil ba. Maimakon in faɗa mata, sai na ce kwamfuta tana nauyi yau, ta dawo ran Laraba.

Kwana ukun nan ban san yadda na yi su ba. Na zazzage akwatin tebur, duk wata kile, wato filashin ajiyar fayil, da katin waya da na taɓa mallaka sai da na soka a kwamfuta. Na duba wayata, na tarar na share saƙonnin tuntuni don wuri. Na kira mutumin Yamai, ya ce ya sake waya, kuma shi ba ya ajiye abin da ba a fitar ba. Na cire disikin kwamfutar na hau kabu-kabu na kai wa wani mai gyara a kasuwa da aka ce yana dawo da abin da aka share. Ya wuni a kai, ya fito mini da tarkacen hotuna da rabin wata waƙar biki, ya ce sababbin ayyuka sun hau kan wurin. Abinci ba ya shiga, matata ta tambaye ni ko ciwo nake, na daka mata tsawa a kan ba komai.

Ran Talata shaiɗan ya kawo mini shawara. Akwai wani makaɗin gurmi a bayan tasha, na ce in kawo shi ya kaɗa makamancinsa, in ɗan tsufar da sautin, wa zai gane? Har ƙofar gidansa na je. Ina tsaye zan yi sallama sai na ji kunya ta rufe ni. Mutumin da ya shekara sittin da gurmi a cinya, shi ne ba zai san hannunsa ba? In ma bai gane ba, abin ya fi muni. Na juya.

Laraba na faɗa wa Ramatu komai, har maɓallin, har tambayar da ban karanta ba. Na so ta zage ni. Ta dube ni kawai ta ce, "Ka yanke shi ban ce komi ba, don ka ce akwai doguwa. Yanzu mi za ni ce mai?" Ta tashi ta fita, ko ƙofar ba ta buga ba.

Na zauna ina kallon aikin kamar wawa, ina buɗe layi ina rufewa. Na jawo fayil ɗin muryarta baya, ba don komai ba sai don hannuna ya ƙi zama. A nan na ga wasu 'yan ƙananan tsinkaye, alamar akwai sauti, kafin inda ta fara waƙa. Ku lura da wannan, don darasi ne na aiki: maɓallin yana share fayil ɗin da ba a taɓa ba ne, amma wanda aka yi amfani da ko kaɗan daga cikinsa yana barinsa cikakke. Makirufon Ramatu a buɗe yake tun sakan na farko. Na ɗaga sautin har ƙarshe. Can nesa, siriri, cikin shuuu na ɗaki, ga gurmin Baba Arzika.

Washegari da safe na ɗauki ƙaramar sifika, na je na faɗa wa Ramatu abin da na samo, muka hau mota zuwa Bambeye. Duk hanya ina ta murza kile mai ɗauke da kiɗan a aljihu. Muka same shi kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, an jingina shi da matashi, hannun daman a ajiye kan cinya. Muka gaisa. Bakinsa ya ɗan karkace amma ana jin maganarsa. Na durƙusa na ce, "Baba, ba shi da kyau sosai. Laihina na." Ya ce in sa.

Na kunna. Ya rufe ido. Gurmin yana tafiya daga nesa, ya ce, "Kamar daga bayan gari ni ka kiɗa." Amma makirufon na Ramatu ne, don haka abin da ya fi kusa shi ne ita. Ana jin numfashinta, ana jin yana sarƙewa, sai ga jan hanci sau biyu, a hankali, irin na wanda ba ya so a ji. Ni na riga na ji shi a situdiyo, na rasa yadda zan cire ba tare da na kashe gurmin ba.

Tsoho ya buɗe ido ya ce, "Wa ka kuka nan ciki?"

Ramatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya ce, "Ashe kuka kike ranar nan, ɗiyata? Ni ina can ina cewa hannu ya kunyata ki gaban mutane."

Ya ce in sake sawa, na sake, har sau huɗu. Da na ga ya natsu sai na fara ba shi haƙuri, ina kame-kame da zancen waya da masu saurare da ba sa jira. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ni.

"Ɗana, waƙar ta yi kyau. Yaran nan sun sha sa mani ita. Kullum in kasa kunne, in ce ko yanzu ni ka shigowa. Har ta ƙare ban zo ba. Ban hwaɗa ma kowa ba."

Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan lokaci ba. Na bar musu sifikar da kile ɗin, na fito na tsaya bakin hanya ina jiran mota.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har gobe amshi nake sawa a gaba. Haka kasuwar take, kuma mawaƙin da ya zo wurinka so yake a ji shi. Amma zanen nan da ake turo mana yana nuna masu gudu ne kawai, ba ya nuna wanda ya zauna yana jira. Yanzu ba na yanke komai sai mai shi yana zaune kusa da ni, yana gani, ya ce ya yarda. Doguwar kuma ita nake fara haɗawa, in ajiye ta wuri biyu, in ba mai waƙa tasa a hannu kafin in taɓa almakashi. Abin da ka cire daga waƙa, wani ne ya taso daga garinsu ya zo ya yi shi.

Ramatu ta yi waƙoƙi da yawa bayan wannan, wasu sun fi waccan tashe. In mun haɗu a hanya muna gaisawa, ta tambayi iyali, in tambayi jikin Baba. Ba ta sake tsayawa gaban makirufona ba.