Sarkin da Ya Rufe Rijiya da Ɗansa a Ciki

Ƙauyenmu yana bayan Kurfi, kuma mu Kirista gidajenmu ba su da yawa. Babanmu, Malam Bitrus, shi ne mai bishara. Tun yana saurayi ya bar tsafin kakanninmu, 'yan'uwansa suka daina cin tuwo da shi, shi ya sa ya riƙe Littafi Mai Tsarki da hannu biyu. Mahaifiyarsa, wadda muke kira Iya, ta bi shi coci, amma ba ta bar tatsuniyoyinta ba. Da sanyi ya shigo, in an gama cin tuwo, sai ta hura wutar kara a ɗakinta, ta binne mana gyaɗa a toka. Ni Ladi nakan jingina da ƙafarta, yayana Ishaku kuwa tana tsokanarsa, wai mijinta ne maras gemu.

Ishaku ne kaɗai aka tura makaranta a Dutsin-Ma. A wani hutu da ya zo, bayan samun mulkin kai da kaɗan, Baba ya yi wa'azi ranar Lahadi cewa duniya shekararta dubu shida. Da aka fito, Ishaku ya matso wurinsa a gaban mutane.

"Baba, malaminmu ya ce duwatsun Dutsin-Ma sun yi miliyoyin shekaru. Ko dai kwanakin Allah ba irin namu ba ne?"

Tambaya yake yi da zuciya ɗaya, amma wasu suka yi dariya, Baba kuwa ya ɗauka da shi ake. Ya ja shi bayan coci, ya sa shi durƙusa a kan fako, ya ɗora masa dutsen niƙa a ka.

"Tunda kai da duwatsu kun saba, riƙe wanga har ya faɗa maka shekarunsa."

Tun hantsi har la'asar yana nan. Duk lokacin da wuyansa ya karkata, sai Baba ya tsula masa tsumagiya. Innarmu ta kai masa ruwa, Baba ya shure ƙwaryar.

Da yamma muka taru ɗakin Iya. Ishaku yana kwance rub da ciki, tana shafa masa man shanu a baya. Baba yana zaune a tsakar gida, inda zai ji komai. Iya ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan ta zo, mai kunne ya buɗe, babba da yaro."

Ta ce an yi wani sarki da garinsa ke shan rijiya ɗaya. Kullum maroƙa suna waƙa cewa kakan sarki ne ya ba gari ruwa. Wata shekara ruwa ya ja baya, ɗan sarki ya ce shi zai shiga ya yashe ta. Yana cikin haƙa sai ya tarar da tsofaffin tukwane da muciya, kayan wasu mutane da suka zauna wurin tun ba a haifi kakan ba. Ya yi kira daga ƙasa da murna, ya ce, "Baba, ashe rijiyarmu ta daɗe!" Sarki ya dubi fadawa, ya ga suna kallon juna. Ya ce, "Yaron nan ya ƙaryata waƙar gidanmu. A janye igiya." Aka janye, aka jera itace a bakin rijiyar, aka bi da ƙasa. Mutane suna jin muryarsa yana kiran uwarsa, har suka daina ji.

Na ce, "Iya, sai wa ya fito da shi?"

"Ba kowa, 'yar nan. Ƙishirwa ta kori gari, sarki ya zauna shi kaɗai da waƙarsa. Kuma ku lura, waƙar cewa ta yi kaka ya ba gari ruwa. Ba ta ce kafin shi ba a yi kowa ba. Iyakarta ke nan, ku kwashe gyaɗarku."

Sai ga Baba a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iya, daga yau ba sauran tatsuniya a gidan nan." Ya ɗauki tulun da ke gefe ya juye a wutar. Hayaƙi ya cika ɗakin, muka fito muna tari.

Iya ba ta sake yi mana ko ɗaya ba har ta rasu. Baba ya cire Ishaku daga makaranta ya ba shi fartanya. Kafin damina ta faɗi, Ishaku ya hau motar dabbobi a kasuwar Dutsin-Ma ya yi kudu. Mukan ji labarinsa a bakin direbobi, amma bai ƙara taka gidanmu ba, bai kuma ƙara shiga coci ba.

Sai da na girma na iya karatu sosai na zauna da labarin halitta ni kaɗai. Ban ga inda aka rubuta dubu shida ba. Mutane ne suka yi lissafinsu. Na kuma lura sai a kwana na huɗu aka yi rana, to da me aka auna ukun farko? A nan hankalina ya kwanta. Littafin yana gaya mini wanda ya yi duniya da dalilin yin ta, masu binciken ƙasa kuma suna ƙoƙarin gano daɗewarta. Yau ina sujada, jikokina suna karanta kimiyya, ba abin da ya rushe. Abin da Iya ke nufi ke nan, ta faɗa ta hanyar da ta iya, wanda aka yi dominsa kuwa bai karɓa ba.

Ba na cewa Baba ba ya son ɗansa. Tsoro ne ya ci shi, don ya rasa dangi saboda bangaskiyarsa, yana ganin tambaya ɗaya za ta kwashe abin da ya rage masa. Ni na yi jinyarsa a ƙarshe, idonsa ya riga ya tafi. Duk lokacin da ya ji motsi a zaure sai ya ɗaga kai ya ce, "Wa ya shigo?" In ce, "Ni ce, Baba." Sai ya juya fuskarsa bango.