Karkatacciyar Kujerar Inna

Jiya da hantsi na kai wa guntun icen kirya sara da gizago, ƙamshinsa ya taso ya cika mini hanci, sai na tsinci kaina zaune a ƙasa gizagon na gefe. Rabona da jin wannan ƙamshi ya kusa shekara talatin. Ni da sana'ata ke nan, kayan ɗaki nake zanawa ana ƙerawa, amma a shagona babu abin da ke tashi sai warin gam da fenti. Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, zan ɗan koma baya, don in ban faɗa wa wani ba abin zai ci ni.

Kakana na wajen uwa masassaƙi ne a Gangaren Tudu. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, duk yana yi, amma da kujerar mata aka fi saninsa, 'yar tsugunno, wadda ake fafewa daga ice guda ba ƙusa ba haɗi. Idan ruwa ya ɗauke yakan shiga daji ya zaɓo ice, ya jingine shi a bayan zaure ya sha iska har bazara. Lokacin da mangwaro ya nuna, zafi ya hana kowa sakat, a lokacin yake zama a inuwa yana sara, ɓawon ice na tsalle yana faɗa mana a ka, mu kuma muna tsincewa muna kai wa mata su hura wuta.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa ake ce masa mai wuyar sha'ani. Ba ya sassaƙa wa mace kujera sai ya ga zamanta. Komai nisan unguwarku sai kin zo, matarsa ta ba ki kututture a tsakar gida, ta miƙo miki gyaɗa a faifai ki ɓare. Shi kuma yana can gefe kamar ba ruwansa, yana wasa gizago, alhali yana lura da inda kike jingina nauyinki da yadda kike miƙe ƙafa. In kin gama ya sa a auna masa daga dunduniya zuwa gwiwa da karan dawa, ya karya karan, ya ce ki dawo bayan kasuwa biyu. Masu gaggawa sukan yi fushi su tafi wajen wani. Bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Duk kujerun da ya yi a miƙe suke, ban da guda ɗaya, ta 'yarsa, wato Innata. Ita wannan a karkace take, gefen hagu ya fi na dama ƙasa. Ni da ƙanwata mun mai da ita abin wasa. In Inna ta tashi sai mu ɗora gwaiba a kai, mu sake ta, ta gangara hagu ta faɗi, mu yi ta dariya. Wata rana na ɗauki rashin kunyata na je na same shi.

"Kaka, ta Inna kana gyangyaɗi ka yi ta?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka zauna a kai?"

"Na zauna, saura kaɗan ta kayar da ni."

"To, ai ba taka ba ce."

A kan kujerar nan Inna ta yi rayuwarta. A kanta take tuƙa tuwo, a kanta take wanki, a kanta take yi wa ƙanwata kitso, da damina ta ja ta bakin ƙofa tana tsince shinkafa tana kallon ruwa na zuba daga indararo. Man kaɗanya da zama sun sa ta yi baƙi tana sheƙi. Ko gidan biki za ta, sai ta naɗe ta a zane ta ɗora a ka, mata suna tsokanarta wai ta fi son kujerar nan da mijinta. Tana da wata tafiya mai ɗan rangwaɗa, maƙwabta suna cewa yanga ce irin ta 'yar masassaƙi. Ita dai murmushi kawai take yi.

Kaka ya rasu ina aji biyu a sakandare. Na girma, na yi karatun zane, na buɗe shago a bakin hanyar Abuja. Bari in gaya maka gaskiyar sana'armu, tunda yau ba ni da abin ɓoyewa. Ba ma kallon zaman kowa. Amarya ko uwarta za ta zo da hoto a waya, ta ce irin wannan take so, mu kwaikwaya. Allon da muke aiki da shi garin katako ne aka matse da gam, ruwa ya taɓa shi sau biyu ya kumbura kamar burodi. Ba ma damuwa, don mun san kafin ya lalace yayinsa ya wuce. Bana a ce fari da ruwan zinari, baɗi a ce wannan ai na 'yan ƙauye ne, toka-toka ake yi. Mu ne ma muke hura wutar, mu sa sabon hoto, mu sa mace ta kalli gadon da ta yi shekara biyu a kai ta ji kunyarsa. Na ci abinci da wannan kunyar ta mutane, na yi mota, na yi gida.

Kunyar ce ta biyo ni har ɗakin uwata. Bayan rasuwar Baba, duk abokin da na kai ya gaishe ta sai in ji kamar ɗakinta yake kallo, da tsohon gadon ƙarfe da daɓen siminti da baƙar kujerar nan a karkace. Mai gyara ɗakunan manya, ga ɗakin da ya fito. Bara, da ƙanwata ta haihu a Gitata, Inna ta tafi zaman jego na kwana arba'in, sai na ce dama ta samu. Na kwashe komai. Na sa tayil mai sheƙi, na kafa gado mai tudu, na jera kushin masu laushi waɗanda mutum ke nutsewa a ciki. Tsofaffin kayan na tara a ƙofar gida. Wani mai yawo yana sayen tsofaffin sassaƙe-sassaƙe ya tsaya, ya ɗaga kujerar yana juya ta. Na ce ya ɗauka kyauta, har ina jin na rabu da kaya.

Ranar da ta dawo na tsaya a bayanta ina jiran yabo. Ta daɗe a bakin ƙofa. Ta sa mini albarka, ta ce ɗaki ya yi kyau kamar na amarya. Sannan ta duba bayan ƙofa, ta duba ƙarƙashin gado.

"Ina kujerata?"

"Inna, wannan gurguwar? Ga kujeru nan na zamani. Gobe ma in kina so in kawo miki sabuwa 'yar tsugunno."

Ta dafa bango ta zauna a bakin gado.

Na kawo sabuwar, miƙaƙƙiya sumul. Ta zauna kaɗan ta tashi. Cikin wata guda ta bar girki, ta ce hayaƙi ne ke damunta. Ta bar zama a tsakar gida. Kushin in ta shiga ba ta iya fita sai an ɗago ta, don haka ta koma kwanciya. Matar da ban taɓa gani a kwance da rana ba, sai ga shi azahar tana kwance, la'asar tana kwance, sallah ma a kishingiɗe. Likita ya ce ƙugu ne, tsohon ciwo, kuma maganinsa ta riƙa zama tana motsawa. Ya ja ni gefe ya ce mai shekarunta in ya saba da katifa, da wuya ya sake tashi.

Kawuna, yayanta, shi ya warware mini. Ya zo dubiya, ya kalli ɗakin, ya tambayi kujerar, na faɗa masa. Ya yi salati a hankali.

"Kai ba ka san uwarka ta faɗo daga kan mangwaro tana shekara bakwai ba? Ƙugunta na hagu ya goce, ɗorin bai kama daidai ba. Tsoho ya hana a faɗa, kada a sa mata suna gurguwa ta rasa miji. Duk sanda ta ƙara girma sai ya sake mata wata, yana rage gefen daidai ciwon. Wadda ka bayar ita ce ta ƙarshe, tana da cikinka ya yi mata ita."

Ashe rangwaɗar nan ba yanga ba ce. Shekara arba'in ina ɗanta, ina taƙama da ido mai gane karkata ko ta ƙwayar gero ce a jikin kabad, ban taɓa ganin yadda uwata take zama ba.

Na nemi mutumin nan da na ba kujerar kamar mahaukaci. Na bi kasuwar Keffi rumfa-rumfa, na shiga shagunan kayan ado na Abuja ɗaya bayan ɗaya. A can na ga abin da ya ƙara karya mini zuciya. Kujerun tsofaffinmu ne jere a bayan gilashi, an goge su, an ɗora musu tukwanen fure, wai yanzu su ake yayi a falon masu hali. Na durƙusa ina dafa kowace da tafin hannu ko zan ji karkata. Mai wani shago ya ce in an samu karkatacciya ma ba sa ajiyewa, sai an daidaita ƙafafun da zarto kafin a sayar. Ban san yadda na fito daga wurin ba.

Sai na koma ga abin da na iya. Na auna ta da tef, na zana a kwamfuta, na sa inji ya yanka. Kujera shida na yi, kowace da irin karkatarta. Duk wadda na kawo, sai a ɗago Inna ta zauna, ta ce, "Ta yi, Allah ya yi maka albarka." Amma hannunta na jikin bango, goshinta na tsattsafo da gumi, kafin a ƙirga ashirin ta ce a mai da ita gado. Na gwada dabarar Kaka, na miƙa mata gyaɗa a faifai don in ga zamanta. Ba ta iya zaman da za a gani. Abin da za ta zauna a kai in kalle ta, shi ne na bayar a ƙofar gida.

Shi ya sa na karɓo gizagon Kaka a wajen Kawu, na samo kirya, na rufe shago yau kwana tara. Waya na ta ƙara, masu biki suna neman gadon da ake yayi kafin Sallah, ban ɗauka ba. Garin ya cika da masu sana'ata, kowa da hotuna a waya, amma na rasa mutum ɗaya da zan tambaya yadda ake auna ciwon wani da ido. Tsoro nake ji, mai karatu. Ƙafafunta sun fara sirancewa, kuma ta daina tambayar kujerar.

Awo ɗaya ya rage mini a duniya, shi ne gwaibar nan da muke yi mata dariya da ita. Yau da safe na gama fafe saman kujera ta bakwai, na sayo gwaiba, na ɗora, na sake ta. Ta gangara hagu ta faɗi. Na ɗauka na sake ɗorawa, na rufe ido ina neman saurin waccan ta yarinta, ko ta fi wannan gudu, ko ba ta kai ba. Na kasa tunawa. Ina durƙushe da gwaibar a hannu na ji muryarta daga ɗaki, tana kiran ƙanwata ta zo ta juya ta ɗaya gefen.