Sai Bayan Hajji

Shekarun baya, lokacin da aikin Hajji ke faɗowa a tsakiyar zafi, ɗan kawuna ya zo mana daga Amurka. Kawun nawa ƙanin mahaifiyata ne. A nan Makka aka haife su duka, shi ya tafi can karatu, ya yi aure, a can kuma Allah ya ɗauki ransa. Ya bar ɗa ɗaya da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Abin da muka sani kawai shi ne ɗan ƙwallo ne, har ana nuna shi a talabijin. A unguwarmu ta Shisha kuwa wannan ya isa: kafin ya sauka, maƙwabta sun riga sun gina masa gidan sama da baki. Ni kaina har na fara tunanin irin agogon da zai kawo min.

Ya sauka tare da ayarin alhazan ƙasarsu, amma kwanakin da suka rage kafin a fita Mina a gidanmu ya yi su. Jaka ɗaya ya zo da ita, kuma ban taɓa ganin ya zazzage ta ba. Ya ciro riga, ya mayar da wata, ya ja zif. Hausarsa a karye take, amma tana kai shi inda zai je, kuma da yake abokin wasana ne, ɗan namiji da ɗan mace, ban raga masa ba ko kaɗan.

Kullum bayan asuba sai ya hau saman bene, tsakanin tankunan ruwa, ya duƙa ya dinga gudu da baya. Ya yi baya, ya juya kamar an tsikare shi, ya zabura, ya dawo ya sake. Mahaifiyata ta leƙa ta kalle shi rannan, ta sauko ta tambaye ni a hankali, "Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Shi ya yi mana bayani muna shan shayi. Ƙwallon tasu ba irin wadda muka sani ba ce. Da hannu ake jefa ta, kuma siffarta kamar gwanda. Wani ya jefa, wani ya ruga ya cafe. Shi aikinsa a gefen fili yake, ya liƙe wa mai cafewar ya hana shi. A can suna kiran mai wannan wuri kwanabak. Tunda bai san inda mutumin zai nufa ba, dole ya fara gudu da baya yana fuskantarsa. Ya ce ba ido ake kallo ba, ido yana ƙarya, ƙugu ake kallo.

"In na yi aikina da kyau, Gwaggo, ba mai jin sunana," in ji shi. "In na kuskure sau ɗaya, duk filin ya ganni."

"To wace ƙungiya kake yi wa?" na tambaya.

Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ka ce wace ce ban yi wa ba."

A nan gidan saman da aka gina masa ya rushe. Ƙungiyar da ta fara ɗaukarsa bayan jami'a ta riƙe shi shekara guda ta sallame shi. Wata ta kira shi saboda ɗan wasanta ya karye, da mai wuri ya warke aka ce ya tattara. Wata ko wasa ba ta sa shi ba, ta ajiye shi cikin 'yan atisaye, manyan 'yan wasa suna gwada ƙarfinsu a kansa. Har Kanada ya tsallaka ya yi kaka guda cikin sanyi. Ya ce duk inda ya je salon sallamar ɗaya ne: da safe wani ya taɓa maka kafaɗa ya ce koci na nemanka, ka shiga, a yaba ƙoƙarinka, a nuna maka ƙofa.

Na ce, "Ashe kai ma ɗan musim ne."

Musim shi ne lokacin Hajji, kuma mu da yawa a nan da shi muke rayuwa. A kira ka tuƙin bas, ko shara, ko rabon abinci, alhazai su watse kai ma a watsar da kai sai baɗi. Ya ce haka ne, bambancin kawai ni na tabbata musim zai dawo. Shi shekarunsa sun doshi talatin, kuma a aikinsu ƙafa ba ta jiran mutum. Wakilinsa, mai nema masa ƙungiya, ya faɗa masa gaskiya: in aka buɗe kakar bana ba wanda ya kira shi, to shi ke nan. Ya zauna gida yana kallon waya har ya gaji, ya tuna mahaifinsa ya sha cewa ya zo ya sauke farali, sai ya taho.

Ranar da zai koma cikin ayarinsu ya ɗaura harami, ya miƙo min wayarsa. Ya ce in tana hannunsa ita zai wuni kallo a Arfa. Ya nuna min sunan wakilin ya ce, "Kowa ya kira, ƙyale shi. In wannan ne, ka nemo ni duk inda nake."

Shekarar ni ba na Hajji, ina rabon abinci ne a tantunan Arfa, da ɗan babur ɗina da nake kutsawa lungu-lungu. Bayan azahar, ina tsakiyar sauke kwalayen shinkafa, wayar ta yi ruri a aljihuna. Sunan ne. Turancina na rabon ruwa ne, bai wuce zo, karɓi, matsa gaba ba, amma mutumin ya yi ta maimaitawa har na kama bakin zaren, ya kuma turo saƙo a rubuce.

Na sami ɗan kawuna a bayan tantinsu, tsaye cikin rana, hannuwa sama. Na ɗan tsaya, don a irin wannan yini ba alhajin da ke son a taɓa shi da zancen duniya. Amma haka muka yi da shi. Na dafa shi, na ba shi wayar.

Ya karanta, ya sake karantawa. Wata ƙungiya ɗan wasanta ya ji rauni a atisaye. Suna gayyatar 'yan kaɗan gwaji jibi da hantsi, mutum ɗaya za su ɗauka. In zai je, dole ya kama jirgin yammacin gobe daga Jidda, wato ranar idi. Ya kira wakilin ya roƙi ƙarin kwana biyu. Ban ji abin da aka ce masa ba, amma maganar ba ta yi tsawo ba.

"Ya ce ba a jira," ya gaya min. "In ban zo ba, akwai wani a bayana."

Na kira mahaifiyata. Tana Harami a lokacin, don al'adar matan Makka ce ranar Arfa, da gari ya yi fayau, su cika Harami da azumi a bakinsu, su sha ruwa a can. Na yi mata bayani, ta ce, "To mene ne abin damuwa? Ka ce musu sai bayan Hajji."

"Umma, Amurka ce fa."

"Amurka ba su san ana Hajji ba ne?"

Ba wasa take yi ba. Mu a Makka wannan magana ba mai musa ta. Mai haya, mai gyaran famfo, mai neman aure, duk wanda ka ce wa sai bayan Hajji zai gyaɗa kai ya tafi. Ita ba ta taɓa zama a inda maganar ba ta ci ba.

Zan so in ce muku ya mayar da wayar aljihuna ya ɗaga hannu ya ci gaba da addu'a. Ba haka aka yi ba. Ya ce zai tafi. Muka nemi malamin ayarinsu, ɗan kawuna ya tambaye shi mafi ƙarancin abin da zai yi Hajjinsa ta tsaya. Malamin bai ji daɗi ba, amma bai ɓoye ba: ya ƙarasa Arfa har faɗuwar rana, ya sauka Muzdalifa, gobe ya yi jifa, ya yi aski, ya yi ɗawafi da sa'ayi. Kwanan Mina da sauran jifa in ya bar su, akwai yanka a kansa, kuma ya bar alheri mai yawa. Ɗan kawuna ya ce ya ji.

Ni kuma na shiga cika baki. Na ce ya bar min sauran, ni ɗan gari ne, ba hanyar da ban sani ba tsakanin Mina da Harami.

Safiyar idi kuwa na cika alkawari. Na goya shi a babur, muka bi ta bayan duwatsu, muka kauce wa zahama, cunkoson nan da mota ke wuni ba ta motsa ba. Ya yi jifa, wanzami ya kwashe masa kai tas, ya yi ɗawafi. A sa'ayi, wurin da maza ke sassarfa, na ga abin da ake biyansa dominsa: ya ratsa mutane bai taɓa kafaɗar kowa ba. Silifa ya riga ya saɓule masa fata a yatsu, bai ko duba ba. Kafin azahar mun gama, ina ta jin kaina kamar ni na gina hanyoyin.

Saura fasfo. A wancan lokacin alhajin da ya zo daga waje ba ya riƙe fasfonsa. Yana ofishin masu kula da ayarinsu har ranar tafiya. Wannan kowa a Makka ya sani, ni ma na sani, na ɗauka dai magana ce ta shiga ka fito.

Muka tarar da ƙofar ofishin an ja ta rabi, wani dattijo zaune a ciki yana shan shayi gaban fanka. Na gaishe shi, na yi masa barka da idi, na zayyana masa komai, Larabci da Hausa, don shi ma namu ne.

Ya dubi ɗan kawuna da tausayi ya ce, "Fasfo? Yau? Ya hajji, yau idi. Kowa yana Mina, mai makulli ma yana can."

Muka koma Mina neman mai makulli. Wannan tanti ya tura mu wancan, wancan ya ce yanzu ya fita. Sai bayan la'asar muka same shi, gumi ya jiƙa shi sharkaf, waya biyu a kunne, wata tsohuwar ayarinsu ta ɓace ana nema. Ya saurare mu, ba laifi. Ya ce fitar da fasfon mutum ɗaya daban da ayari sai da izini daga sama, waɗanda ke saman kuma su ma suna cikin wannan rana. Ya dafa ɗan kawuna ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya akhi. Khalas, sai bayan Hajji."

Ba mugunta a ciki. Da ni ne a wurinsa, abin da zan faɗa ke nan.

Muka zauna a bakin titi. Ɗan kawuna ya kira wakilin, ya faɗi jimla biyu, ya kashe. Na sayo mana ruwa, ya sha rabi ya zuba sauran a ƙafafunsa. Can ya ce, "Yaya, mayar da ni tantinmu." Ya yi kwanakin Mina cif tare da kowa, ya yi jifansa, bai bar komai da zai yi wa yanka ba. Da ya dawo gida mahaifiyata ta cika masa kwano da nama ta ce Allah ne ya zaɓa masa. Ya ce, "Haka ne, Gwaggo," ya ci abincinsa. Wayar ba ta sake kawo kiran wata ƙungiya ba, a shekarar ko bayanta.

Yanzu yana koyar da wasan a wata makarantar sakandare a can, ya yi aure, yana zuwa Umra in ya samu hali. A Shisha kuwa labarin ya canza kama. Ana ba da shi a matsayin saurayin da aka kira shi ga duniya yana tsaye a Arfa ya ce a'a. Har a wajen ɗaurin aure na ji wani yana bayarwa, ya ƙara masa da kuka. Duk lokacin da aka faɗa a gabansa sai ya gyara: "Ban ƙi ba. Na yi gudu, ƙofa na tarar a rufe." Mutane ba sa son wannan gyaran, ni kuwa saboda shi na fi ganin girmansa.

Abin bai koya min wata babbar hikima ba. Na dai rage cika baki a kan sanin hanya, kuma na daina ɗauka duk wanda aka nuna a talabijin ya huta. Yawancinsu 'yan jira ne irinmu, ana kiransu in an rasa wani.

Zuwansa na ƙarshe muna zaune bayan la'asar, na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce da a ce an ba shi fasfon nan, yana ganin da sun ɗauke shi? Da ƙafa a saɓule, ba barci, ga doguwar tafiya?

Ya ce mai yiwuwa a'a. Ya ce sallama ba baƙuwarsa ba ce, kuma ko ɗaya ba ta hana shi barci, domin kowace ƙungiya sai da ta kalle shi yana gudu sannan ta ce bai isa ba.

"Wannan ce kaɗai ba wanda ya kalle ni," in ji shi. "Da na je sun ce a'a, da na san na ƙare. Yanzu fa, Yaya, har in mutu ban sani ba."