Fentin Kamfani

Duk wanda ya san kasuwar dabino ta Buraida ya san Mutlak, wanda ake kira Abu Rakan. Shekara da shekaru yana zaune bayan kwalayensa, in ya ɗaga ƙwayar dabino ya dubi fatarta a hasken rana, to ya gama yanke mata hukunci. Da wannan ido ya ci, ya sha, ya aurar da 'ya'ya. Shi ne kuma ya kai shi ya baro a shekarar da aka yi ruwa mai yawa.

Mahaifiyarsa Wadha a tanti aka haife ta, a wani kwari da ke bayan tudun rairayi. Tun da gwiwoyinta suka ƙi, ta daina fita daji, don ba ta iya kwanan ƙasa balle tsuguno. Da labari ya zo cewa kwarin ya yi kore shar, sai ta kira ɗanta.

"Ka kai ni in shaƙi furen nan. Baɗi ban ce ina nan ba."

"Haba Yumma, daina faɗin haka," in ji shi.

Nan da nan ya sayo ɗan ƙaramin karafan, ɗaki mai taya da gado da banɗaki a ciki, ya ajiye a ƙofar gida. Saura a-kori-kurar da za ta ja shi. Ya ɗauki Fuhaid, mijin ƙanwarsa, suka nufi kasuwar tsofaffin motoci, mayen ƙarfe na cikin aljihunsa.

Mu nan haka Allah ya yi mu. Mutum zai yafe wa mota tsufa, ya yafe mata hayaƙi, amma ba zai yafe mata sabon fenti ba. Sai ka ga dattijo da gemunsa ya durƙusa yana manna mayen ƙarfe a jikin ƙofa, wai ko an taɓa cike inda ta lotse an sake fenti, don ba ya kama irin wurin. Abin yana ba ni haushi, kuma ni ma haka nake yi.

Tun a layin farko suka sami wadda ta dace: babban inji, tana ja da ƙafa huɗu, ga ƙugiyar ja a baya. Mutlak ya manna ƙarfensa a ƙofar baya, sai ƙarfen ya zame ya faɗi.

"An taɓa ta," ya ce, ya kakkaɓe hannu.

"Allah ya ja da ranka, raƙumi ne ya jingina da ita," in ji dillalin.

"Ko sauro ne."

Fuhaid ya riƙe baki. "Abu Rakan, aurenta za ka yi ko ɗaki za ta ja maka?"

"Kai dai ba ka san mota ba. In na tashi sayarwa wa zai kalle ta?"

Haka aka yi ta yi, mako na bin mako. Wannan an fesa mata murfin inji, waccan launin ƙofarta ya ɗan saɓa. Fuhaid ya gaji ya daina ɗaukar wayarsa. Maƙwabta suna ta dawowa daga daji da ciyawa maƙale a tayoyi, karafan kuwa kyanwoyi sun mai da ƙarƙashinsa gida. Kullum tsohuwa sai ta tambaya, kullum sai ya ce gobe in Allah ya so.

Ranar da ya samu wadda yake so, har da murnarsa. Fara sol, fentin kamfani daga gaba har baya, ƙarfen ya kama ko'ina ƙam. Wani mai gidan burodi ne ya yi ta kai kaya da ita cikin gari. Ƙaramin inji gare ta, kuma ƙafafun baya kaɗai ke ja. Fuhaid ya leƙa ƙarƙashinta ya miƙe.

"Wannan ko tabarma ka ɗaura mata sai ta yi nishi."

"Hassada ce," in ji Mutlak.

Suka ɗaura mata karafan suka kama hanya da safe, Yumma a gaba da butar gahawa a cinyarta, ta sha turare kamar mai zuwa biki. A kan kwalta motar ta yi ta maza. Suna sauka rairayi ta fara kuka, ba su yi nisa ba ta kafe. Mutlak ya rage iskar tayoyi, ya haƙa, ya tura itace, ya taka mai har ƙasa. Sai wani ƙauri ya tashi, kulocin ya ƙone. Daga inda suke ana hango bakin koren kwarin a bayan tudu, tafiyar da yaro zai yi da gudu, wadda ita ba za ta iya ko rabinta ba. Ga rana ta take, ciyawar gefen hanya ma ta fara ja.

Takaici ya ishe shi, ya zauna a ƙasa ya rasa wanda zai zaga. Ya san kafin a jawo motar gari a gyara, zafi ya shigo, furen ya bushe.

Tsohuwa ta sauke gilashi, ta ɗaga mayafinta kaɗan ta juya fuska wajen kwarin. Ta ja numfashi, ta sake ja.

"Kina jin ƙamshin, Yumma?"

"Ƙaurin motarka nake ji."

Ta miƙa hannu waje ta shafa jikin ƙofar a hankali, ta dubi tafinta.

"Amma fa fentin da kyau, ɗana."