Sun Ce In Goge Garinmu Daga Waya, Na Ƙi

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Kazaure, da aurena da 'ya'yana, kuma a cikin danginmu ni ce ake kira in waya ta rikice. Asalina wani ƙaramin ƙauye ne da ke lafe a bayan duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa, irin ƙauyen da in ka faɗi sunansa a tasha sai direba ya tambaye ka ko a Nijar yake. Tun ina ƙarama ake ce mini mai kafiya, ban kuma taɓa musantawa ba. Na rubuto ne saboda labarina ya yaɗu a bakin mutane da ƙari mai yawa, gara a ji shi daga bakina.

Farkon abin rashin lafiyar mahaifina ne. Aka bugo mini cewa jikinsa ya tsananta, ni kuma ina fama da ɗanyen jego, ba halin tafiya. Na samo mota na tura ta ɗauko shi. Direban ya buɗe manhajar nan ta kyauta da ke nuna hanya a waya, ya rubuta sunan garinmu, ta ce ba ta san shi ba. Ya yi ta bulayi a tsakanin duwatsu yana tambayar makiyaya, har dai aka gaji da jira aka ɗora tsohon a amalanke zuwa bakin kwalta. Allah ya karɓi abinsa a asibiti. Ba na cewa jinkirin ne ya kashe shi, kwana ne ya ƙare. Amma na daɗe ina jin zafin cewa garin da aka binne cibiyata a cikinsa, a wurin duniya daji ne kawai.

Daga baya wani abokin aikina ya nuna mini cewa taswirar da ke cikin manhajar, masu amfani da ita ne suke gina ta. Kowa na iya ƙara hanya ko sunan gari, ya ba da rahoton gadar da ta karye, sai wasu tsofaffin hannu a cikin masu amfani da ita su duba su amince. Ban tsaya shawara da kowa ba. Da na yi arba'in na je gida, a tsakiyar rani, na hau acaba daga bakin kwalta na kunna waya tana bin sawunmu har ƙofar masallacin garin. Na zana hanyar, na rubuta sunan garin da hannuna. Wanda ya amince da aikin, wanda ban san ko a wace ƙasa yake zaune ba, ya duba hoton wurin da aka ɗauka daga sama ya ga hanya fes, ya sa hannu. Ranar da sunan ya fito a fuskar waya sai da na yi hawaye.

Abin da ban yi tunani ba, kuma shi ne kuskurena, garinmu hanya biyu gare shi. Akwai ta damina, doguwa, wadda ke zagaye dutse ta bi burtali. Akwai kuma hanyar rani, wadda mutane ke yankewa ta cikin gonaki da zarar an kwashe amfani an sare kara. Ba wanda ya taɓa ba da izininta, ba kuma wanda ya taɓa hanawa. Da ruwan shuka ya sauka sai mai gona ya jawo ƙaya ya toshe bakinta, kowa ya koma zagaye, ba sai an yi shela ba. Na san wannan tun ina tallan gyaɗa, amma ranar ina bayan babur ina kallon waya, ban lura da inda taya ke takawa ba. Hanyar da na zana ta ratsa tsakiyar gonar baffana, yayan mahaifina, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu.

Da damina ta yi nisa, gero ya kai ƙugu, sai ga wata babbar mota ɗauke da taki za ta wani gari da ke gaba da mu. Waya ta ce wa direban ya yanke ta nan ya fi kusa. Ya zo ya tarar da ƙaya a bakin hanya, ya sauka ya janye ta da hannunsa, ya danna cikin shuka. Bai yi nisa ba motar ta kafe a laka. Kafin a fitar da ita, da haƙa da turi da jama'ar da suka taru, an kwantar da gero mai yawan gaske. Da aka tsare direban sai ya ɗaga waya ya nuna, ya ce shi ba ruwansa, hanya aka zana masa. A garin kuwa ba wanda bai san wadda ta zana ba, domin ni da bakina na yi ta alfahari da aikin.

Aka aiko in zo. Na tarar da dattawa a zauren mai unguwa, na durƙusa daga gefe na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Kafin kowa ya buɗe baki na ce na yi kuskure wurin zana hanyar rani, na nemi gafarar baffa, na kuma shaida musu tun a mota na rufe waccan na zana ta burtali. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ba geron ne ya tara su ba. Baffa ya ce shi ya yafe gero, abin da suke so in goge garin gaba ɗaya daga cikin wayar. Ya ce kakanninmu ba wauta ce ta sa suka zauna bayan dutse ba, garin da ba a san hanyarsa ba shi ke barci da ido biyu a rufe, ga zamani ya lalace, ɓarayin shanu na neman inda za su faɗa, ni kuma na ɗauki gari na miƙa wa duk mai waya. Sauran suka yi ta gyaɗa kai.

Na san tsoronsu ba na banza ba ne, ni ma uwata a garin take kwana. Amma na ce su gafarce ni, wannan kam ba zan yi ba. Na ce ɓarawo ba ya jiran waya, ya fi mu sanin kowane lungu na dajin nan da ƙafarsa. Waɗanda ke ɓacewa a hanyarmu su ne masu allurar yara, da malamin da aka turo makaranta ya juya don bai gane gari ba, da motar ɗaukar mara lafiya. Na ce direban da ya ga ƙaya ya janye ta, shi ma ɗan ƙauye ne, ya san ma'anarta sarai, don me nasa laifin zai hau kan sunan garinmu? Wani tsoho ya ce ga abin da boko ke jawowa, mace ta zauna tana mayar wa iyayenta magana. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya huci zuciyarsu, amma ban janye ba.

A nan baffa ya yanke hukunci. Ya ce muddin sunan garin na cikin waya, kada ƙafata ta sake tsallaka zauren gidanmu. Inna ta biyo ni har bakin hanya tana kuka, tana cewa in goge mana, ai ba a jikina aka rubuta ba. Mijina ma ya ce in bi su a zauna lafiya, in an manta na mayar. Na ce masa ba zan yi wa dattawa ƙarya ba, ba zan kuma share garin ubana da yatsana ba. Na yi kuka a hanyar komawa Kazaure, kukan da ban bari kowa ya gani ba.

Damina ta zo ta wuce fiye da sau ɗaya tun lokacin. Yanzu duk shekara, da an ce mini ruwan shuka ya sauka a gida, nakan shiga manhajar in tabbatar hanyar rani a rufe take, domin akwai masu karambanin da ke sake buɗe ta in sun bi ta da rani. Ƙayar da manoma ke sawa a ƙasa, ni nake sa ta a waya. Ba motar da ta ƙara shiga gonar kowa. Baffa ya sani, amma bai sauko ba.

Ga masu ƙara hanyoyi a irin wannan manhaja, musamman 'yan ƙauye irina da suka zauna birni, ina ja muku kunne. Kafin ku zana hanya ku tambayi mai gonar da ke gefenta, ku tambaya ko ta rani ce ko ta damina, domin hoton sama bai san shuka ba. Ku kuma shawarci manya tun kafin ku fara, wannan darasin na koye shi da tsada. Direbobi, in waya ta ce ku wuce, ƙaya ta ce ku tsaya, ku bi maganar ƙaya. Amma in kun yi kuskure ku gyara kuskuren kawai, kada ku yarda a sa ku shafe garinku don a ce kuna da ladabi.

Har yau ina zuwa gida duk sallah. Inna takan fito mu gaisa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ta karɓi jikokinta ta shiga da su. Ni kuwa nakan durƙusa a bakin zaure in yi wa baffa barka da sallah, ina jin motsinsa a ciki, ba ya amsawa. Yanzu duk baƙon da ya rubuta sunan garinmu a waya, za ta kawo shi har ƙofar gidan ubana, a yi masa maraba a shimfiɗa masa tabarma. Ni da na nuna masa hanyar ina tsaye a waje, kuma ko gobe aka sake tambayata, amsata ba ta canza ba.