Ranar da Gwaggo ta ƙwato rana

Ina hutun lakwal, wato makarantar boko, a Badagishiri shekarar da rana ta yi husufi. Tsakar rana gari ya dushe, kaji suka nufi akurki. Maza suka tafi masallaci. Gwaggona, ƙanwar babana, ta fito da tasa tana dukanta da muciya, wai sai an yi kiɗa wata zai saki rana.

Na ce, "Gwaggo, malaminmu ya ce ko ba a buga komai ba za ta fito."

Ta harare ni. "Shi malamin naku ya taɓa hana gari duka kiɗa ya gani?"

Ni dai na ƙi bugawa. Jim kaɗan haske ya dawo. Ta ajiye muciya tana haki, ta ce, "To, na buga har da rabonki."

Har yau ina kan bakana: ƙarar tasa ba ta kai sama. Sai dai da ni da ita babu wadda ta gwada, duk ji muka yi. Ita ta ji daga kakarta, ni daga malami. Kuma da duhun ya sauko, ni mai ilimin ce na riƙe bakin zanenta.