Tayar da Arzika Ya Sa a Firiza

Matso kusa, jawo kujera ka zauna, shayin ma bai huce ba. Yau labarin Arzika mai taya zan ba ka. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa loda kwantena daga Deira ta Dubai ya san shi, wanda bai riƙe sunansa ba ma ya riƙe babban yatsansa.

Mutumin Maraɗi ne. Da ƙuruciyarsa ya zo Dubai, ya yi dako a Al Ras har kafaɗunsa suka yi kanta, daga baya Allah ya buɗa masa ya sami ɗan sito a Al Khabaisi. Aikinsa tantance tayoyin hannu da ake kawowa daga Japan da Turai kafin a tura su Kano ko Yamai. Ba ya amfani da wata na'ura. Zai mirgino taya, ya shinshina ta, ya danna farcen babban yatsansa a jikin robar, ya ɗan lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In ya ce "wuce", ta shiga kwantena. In ya ce "khalas", wato tata ta ƙare, ta tafi bayan sito.

Akwai irin tayar da Arzika ya tsana tsana mai tsanani: tayar sanyi, wadda ake yi don ƙasashen ƙanƙara. Zanenta zurfi, jikinta duk siraran tsaga kamar an bi ta da reza, ga laushi. Sabon ɗan kasuwa na ganinta sai ya ce ya tsinci sabuwa a araha. Amma a ɗora ta kan kwaltar Zinder da bazara, sai ta cinye kamar sabulu a hannun mai wanki. "'Yan kwalliya" yake ce musu, yana shurinsu da ƙafa. A ganinsa lalatacciyar roba ce kawai Turawa suka raɗa wa suna mai daɗi.

To, Arzika yana da 'yar fari, Nuriyya, wadda don kara bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" yake cewa. Mijinta Abdulnasir dillalin motoci ne, Bakano mai ladabi, irin wanda in surukinsa na magana ba ya ɗaga ido daga ƙasa. Wani lokacin hunturu Abdulnasir ya sayar da wata mota ga wani mutumin ƙasar Jojiya, can inda ake zuba dusar ƙanƙara. Kai, motar nan! Ja ce jawur, ƙofa biyu, a kwance take har kamar tana lasar ƙasa, in an tayar da ita sai tantabarun unguwa su watse. Sharaɗin cinikin shi ne a kai ta tashar jirgin ruwa ta can, sannan Abdulnasir ya tuƙa ta da kansa ya haura da ita garin mutumin a kan duwatsu. Ya ce zai tafi da Nuriyya, tunda tun bikinsu ba ta leƙa ko'ina ba.

Da Arzika ya ji, bai yi shawara da kowa ba. Ya je ya zaɓo sababbin tayoyi huɗu, faffaɗa, masu kama kwalta mai zafi kamar an shafa musu ƙaro, ya sa aka ɗaura wa motar. Gudummawarsa ke nan.

Abdulnasir ya durƙusa, ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Alhali mai motar ya ja masa kunne cewa hanyar dutsen ƙanƙara ce zalla, kada ya kuskura ya hau ta sai da tayar sanyi. Amma yaya za a yi suruki ya dubi Arzika, Arzika mai taya, ya ce Baba ka yi kuskuren taya? Ya canza su a can ma ba dama, don kowa ya san ko hoton biki aka nuna wa Arzika, in akwai mota a gefe, taya yake fara kallo. Abdulnasir ya ce wa matarsa zai dai riƙa tafiya a hankali, inshallah.

Nuriyya ta kai wa uwarta Hannatou maganar. Hannatou kuwa ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ta bari sai da Arzika ya gama cin tuwo ya wanke hannu.

"Alhaji, tayoyin nan naka ba na can ba ne. Na sanyi ake so."

"'Yan kwalliya?" Ya ajiye tsinken sakace. "Ni za a koya wa taya? Shi yaron ne ya ce?"

"Yaron da ko tari ba ya yi a gabanka? Ni na ce. Ka taɓa ganin dusar ƙanƙara?"

"Na gani mana."

"A ina?"

"A talabijin."

"To madalla. 'Yarka ce dai za ta zauna a kujerar gaba, ba talabijin ba."

Ya tashi ya fita. Amma maganar ta bi shi har sito. Ya tuna duk tayar da ya taɓa dannawa a duniya, cikin zafi ya danna ta. Farcensa bai san komai game da sanyi ba. Ga shi ranar loda motar ta matso.

Sai ya ɗauki wuƙa. Ya yanko ɗan yanki daga jikin wata 'yar kwalliya, ya yanko wani daga tsohuwar taya irin waɗanda ya ɗaura wa motar, ya zuba a aljihu ya nufi gida. Hannatou tana da babban firiza da take daskarar da zoɓo da kunun aya tana sayar wa 'yan kasuwa a Al Ras. Ta iske shi ya sunkuya kansa a ciki.

"Lafiya? Me kake tura mini cikin zoɓo?"

"Taya."

"Inna lillahi! Yau kuma taya za mu sha?"

"Ke dai kada ki taɓa. Sa mini ruwa a faranti shi ma ya daskare."

Washegari da hantsi ya buɗe. Ya fara ɗauko yankin tayar da ya yarda da ita, wadda ya yi shekaru yana rantsuwa da ita. Ya danna farce. Farcen ya ƙi shiga. Ya ƙwanƙwasa ta a bakin tebur, ta ce ƙwas, kamar ƙashi. Ya ɗauko ta 'yar kwalliya. Sanyi ƙalau har tana cizon yatsa, amma da ya danna, sai ta amsa masa, ta lotsa ta dawo kamar tafin hannun mutum. Ya lanƙwasa ta, siraran tsagan nan suka buɗe baki gaba ɗaya, ɗaruruwansu, kamar ƙananan kifaye suna numfashi.

Ya kife farantin ƙanƙarar, ya ɗora yankin farko ya ɗan tura. Ta zame ta faɗi ƙasa, ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya ɗora na biyun ya tura. Ta cije. Ya ƙara ƙarfi, ta ƙi sakin ƙanƙarar.

Arzika ya zauna a kan tayil, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

"Subhanallahi," ya ce a hankali. "Ashe ba lalatacciya ba ce. Ashe ba ta zo gida ba ne kawai."

Hannatou ta buɗe baki za ta tsokane shi, ta ga fuskarsa, ta fasa.

Neman tayar sanyi sabuwa a garin da kwalta ke ƙona takalmi ba ƙaramin aiki ba ne. Ya zaga, ana yi masa dariya. "Habibi, kai ne yau kake neman 'yan kwalliya?" A ƙarshe aka kwatanta masa wani sito a Sharja, maƙwabciyar Dubai, na wani dattijo mai tura kaya ƙasashen sanyi. Arzika ya tsaya gabansa kamar ɗalibi. Dattijon ya nuna masa tambarin dutse mai ɗauke da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefen tayar, ya ce in babu shi a bar ta. Ya nuna masa harafin da ke faɗin gudun da za ta iya ɗauka, don mota mai zafin nama ba kowace taya ke jure mata ba. Ya ce huɗun duka su zama iri ɗaya, kuma kada ya ji tsoron su ɗan fi na asali siranta, sun fi yanka dusa. Shekarar ƙira kuwa Arzika da kansa ya duba, wannan ba a koya masa.

Ya iske Abdulnasir a gareji. Bai ce na yi kuskure ba, shi ma yaron bai nuna ya san an yi ba.

"Waɗancan na bazara ne," in ji Arzika, yana kallon bango. "A sa su a kwantena, mai motar zai buƙace su in zafi ya dawo. Waɗannan na hanya ne. Yalla, maza a ɗaura."

"To, Baba," in ji Abdulnasir, shi ma yana kallon ƙasa.

Bayan wasu makonni, ana tsakiyar rana, Arzika na cikin sito gumi na bin bayansa, wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗaga, sai fari ya cika fuskar wayar. Fari ko'ina, sama da ƙasa, bishiyoyi sun sunkuya da nauyinsa, duwatsu sun tokare sama. Babu hon, babu ƙarar injin, shiru kamar ba a taɓa yin magana a wurin ba. Can sai ga fuskar Nuriyya cikin wata ƙatuwar hula, hayaƙi na fita daga bakinta.

"Baba, mun iso lafiya! Ka ga ikon Allah? Dusar ƙanƙara tana zubowa, ko ƙara ba ta yi!"

Ya matso da wayar kusa da idonsa. Sannan ya ce, "Nuna mini ƙasa."

Ta yi dariya. "Na faɗa maka," ta ce wa mijinta, ta juya wayar.

Ga sawu biyu nan sun taso daga can ƙasan dutsen, sun bi kowace kwana ba su kauce ba, har zuwa ƙarƙashin jar motar. Kowace tsaga ta fito ɗaya bayan ɗaya a kan farin, tsaf kamar aikin surfani a wuyan riga. Zanen da ya yi rabin rayuwarsa yana shuri ke nan, bai taɓa ganin abin da yake rubutawa ba sai ranar.

Har yau Arzika ba ya barin tayar sanyi ta shiga kwantenar Kano, ko za a yi masa kuka. Amma ya daina shurinsu. Jera su yake yi a inuwa, ya ajiye wa masu tura kaya arewacin duniya. Yankin robar nan kuwa yana nan cikin firiza, Hannatou ta gaji da mita ta ware masa kusurwa.

Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne Abdulnasir. Da Hannatou ba ta yi magana ba, da haka zai hau dutsen nan da matarsa, don kada ya kunyata surukinsa. Kai da kake saurarena, da kai ne durƙushe a gaban Arzika ranar nan, za ka buɗe baki, ko "na gode, Baba" za ka ce?